“DAJI BA YA SON ƘARFE”: MAGANAR DA NAKE ROƘON MU DAINA FAƊA



 Yau ba haɗin magani na kawo muku ba. Babu awon cokali, babu jiƙo, babu hayaƙi. Magana ce da ta daɗe tana cin raina, kuma na san wasu abokan sana'ata ba za su ji daɗinta ba. Don Allah ka karanta har ƙarshe, sannan ka karanta wa uwargida da tsofaffin gida waɗanda ba sa duba waya.

*Abin da ya faru a hannuna*

Sama da shekara ashirin ke nan, wani bawan Allah ya kawo mini matarsa. Ta ji ƙullutu a mamanta na hagu, bai wuce girman ƙwallon dabino ba, kuma ba ya mata zafi ko kaɗan. Na tambaya ko sun je asibiti. Mijin ya ce a'a, ai an faɗa musu idan daji ne ba ya son ƙarfe, da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ni ma a lokacin da wannan magana na tashi, haka na ji ta a bakin magabata. Sai na ba su na sha da na shafawa, na yi mata tofi, na ce su dawo bayan wata guda.

Haka suka yi ta zuwa wajen wata tara. Duk zuwan da za su yi sai su ce da sauƙi, don kada in ji babu daɗi, ni kuma in ƙara musu magani. Ranar da 'yar uwarta ta matsa aka kai ta asibiti, mama ya riga ya fashe, ciwo ya shiga ƙashin baya. Ba ta ga wani azumin ba. Ta bar yara huɗu.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma na kuma san cewa wata taran nan a hannuna suka ƙare, kuma za a tambaye ni. Tun daga ranar na ɗauki alkawari: duk wanda ya zo mini da ƙullutu, ko jinin da ba a san mafarinsa ba, ko ramar da babu dalili, ba zan auna masa ko cokali ɗaya ba sai ya kawo mini takardar gwaji. Wasu sun yi fushi sun tafi wajen wani. Amma akwai wata baiwar Allah da na kora asibiti haka tana kuka, aka yi mata aiki, aka yi mata kemo, kuma bara ita ce ta aiko mini da goron auren jikarta.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: a san sunan ciwo kafin a nemi maganinsa, kuma a san shi da wuri. Ciwon daji da yawa suna warkewa da ikon Allah idan an kama su suna ƙanana. Abin da ke kashe mutanenmu, bayan ƙaddara, jinkiri ne.

*Daga ina maganar ƙarfe ta samo asali?*

Ka lura da yadda abin yake faruwa. Mutum zai yi shekara guda yana yawo tsakanin mai magani da mai kemis da mai ruƙiyya. Sai ciwo ya gama cin jiki, sannan a ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibiti. Likita ya yi abin da zai iya, bayan sati uku mutum ya rasu. A wajen zaman makoki sai ka ji ana cewa: “Ai da ma an ce kada a bari su taɓa shi.” Wuƙar da ta zo a makare ita ke ɗaukar laifin shekarar da aka ɓata. Wadda kuwa aka yi wa aiki da wuri ta warke, shiru take yi saboda kunya, ba wanda ya san ta taɓa yin ciwon. Shi ya sa labarin waɗanda suka mutu kaɗai ke yawo a gari.

Ga kuma wani abin mamaki. Mutumin da ya hana likita ɗibar ɗan nama da allura mai tsafta, shi ne zai kira wanzami ya yi sakiya ko ƙaho a kan ƙullutun. To shi wannan ba ƙarfe ba ne? Don girman Allah, kada a yi sakiya, ko tsaga, ko ƙaho, ko a ɗaura magani mai cin fata a kan ƙarin da ba a san ko mene ne ba. Miki kawai ake buɗewa, ƙwayoyin cuta su shiga, ciwon kuma yana nan yana aikinsa a ciki.

Kuma kada wani ya ce maka yanka ciwon daji al'adar Turawa ce. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, babban likitan fiɗa na Musulunci, wanda ya rayu a Andalus kusa da birnin Ƙurɗuba ya rasu wajen shekarar 1013 miladiyya, ya yi bayani a littafinsa At-Tasrif cewa idan saraɗan yana farkonsa, yana ƙarami, kuma a wurin da za a iya ciro shi gaba ɗaya kamar mama ko cinya, to a cire shi. Idan kuwa ya tsufa ya girma, ya ce shi bai taɓa warkar da irinsa ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, shi ma a kan haka yake: a cire tun yana ƙarami, a haɗa da saiwoyinsa. Ka ga ashe rabin maganar magabata muka riƙe. Mun haddace “kada a taɓa”, mun manta da “a cire da wuri”.

*Yadda ciwon yake*

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, suna haihuwa suna mutuwa bisa tsarin da Allah ya ɗora su a kai. Daji, ko sankara, ko kansa, duk abu ɗaya ne: wasu daga cikin ƙwayoyin nan ne ke fita daga tsari, su yi ta hayayyafa babu tsayawa. Da farko a wuri ɗaya suke taruwa. Daga baya sai su bi jini da hanyoyin kaluluwa su sauka a hanta, ko huhu, ko ƙashi, ko ƙwaƙwalwa. Shi ya sa likitoci ke raba shi mataki huɗu. Duk manomi ya san kauci: idan a reshe ɗaya ya fito, ka sare reshen, bishiya ta rayu. Idan ka bar shi ya kama ko'ina, me za ka sare?

Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta duniya na shekarar 2022 sun nuna sama da mutum 120,000 ne ke kamuwa da shi a Najeriya a shekara, kusan 80,000 kuma suna rasuwa. Na mama shi ne kan gaba, sai na furostet a maza, da na bakin mahaifa, da na hanji, da na hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki, cikin mata 100 da aka samu da dajin mama, sama da 90 suna raye bayan shekara biyar. A Indiya kamar 66 ne, a Afirka ta Kudu kamar 40. Ciwon iri ɗaya ne. Bambancin shi ne yaushe aka gano, kuma an samu magani ko ba a samu ba. Mu a nan, mafi yawan matanmu sai a mataki na uku ko na huɗu suke isa asibiti.

Ciwon ba ruwansa da mai kuɗi ko talaka. Hajiya Maryam Babangida, Allah ya ji ƙanta, dajin ƙwan mahaifa ne ajalinta a Amurka a watan Disamba 2009. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, ba hukuncin wani zunubi ba ne. Kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya, don haka kada a ware wa mara lafiya kwano.

*Alamomin da ba a zama da su*

Kafin in lissafa, ka riƙe wannan: mafi yawan masu irin waɗannan alamomi ba daji ne da su ba. Yawancin ƙullutun mama ma ba daji ba ne. Amma ni da kai ba mu da idon da zai bambance. Ƙa'idata ita ce sati uku. Duk sabon abin da ya fito a jiki ya wuce sati uku bai tafi ba, a je a duba. Jini kuwa ba a jira masa sati uku.

1. *Mama.* Ƙullutu a mama ko a hammata, musamman mai tauri wanda ba ya zafi. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mata. Haka nan kan mama ya shige ciki, ko ya riƙa fitar da jini, ko fatar ta yi ramuka kamar ɓawon lemo, ko mama ɗaya ya canza siffa. Mai shayarwa da ta yi kumburi, aka sha magani bai sauka ba, kada a ce ai nono ne ya kwanta. Hajiya, ki saba da taɓa mamanki sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan kin yi tsarki, da tafin yatsu, har cikin hammata. Maza ma suna yin dajin mama, ko da yake ba su da yawa.

2. *Jinin mata.* Jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, ruwa mai wari wanda ya ƙi jin magani, da kuma jini ga matar da al'ada ta riga ta ɗauke mata. A nan ina kira ga 'yan uwana malamai da malaman Islamiyya. Mace za ta aiko da tambaya: “Malam, jini ya dawo mini bayan shekara uku da ɗaukewa, yaya hukuncin sallata?” Sai mu ce istihala ce, ta yi tsarki ta yi salla, shi ke nan. Fatawar ta yi daidai, amma amsar ba ta cika ba. A ƙara mata da cewa: ki je asibiti a cikin satin nan. Wallahi wannan jimla ɗaya tana iya zama sanadin ceton rai.

3. *Bayan gida.* Jini a bayan gida, ko ya koma baƙi ƙirin, ko gudawa da taurin ciki suna ta karɓa-karɓa, ko mutum ya riƙa jin bai gama ba. Mu Hausawa komai basur ne. Basur ciwo ne na gaskiya, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littafi a kan magungunansa. Amma dajin hanji da rigar basur yake shigowa. Wanda ya haura shekara 40, yana ganin jini, yana ramewa, ya sha maganin basur wata guda babu canji, ya ajiye jarkar nan ya je a duba hanjinsa.

4. *Fitsari.* Jini a fitsari, ko da sau ɗaya ne kuma babu zafi. Da yawanmu mun yi tsargiya muna yara, wajen wanka a kududdufi da rafi, har ana ɗaukarta alamar balaga. Tsutsa ce ke kawo ta, tana zuba ƙwai a bangon mafitsara, kuma idan ta daɗe ba a yi magani ba tana iya jawo dajin mafitsara bayan shekaru. Masu noman rani a Kura da Kadawa da Bunkure, da duk mai aiki cikin ruwa, a kula. Maganin tsargiya ƙwaya ce mai sauƙi a asibiti. Sai dattawa 'yan uwana: fitsari yana fita da ƙyar, ko a tsinke, ko tashi sau biyar cikin dare, ko ciwon ƙugu da baya wanda ya ƙi tafiya. Sau da yawa kumburin furostet ne na tsufa kawai, amma gwajin jini na PSA da dubawar likita ne za su faɗa. Daga shekara 50 a fara tambaya, wanda kuma mahaifinsa ko ɗan uwansa ya yi ciwon ya fara tun 45.

5. *Hanta.* Nauyi ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura alhali jiki yana ramewa. Sai mu ce shawara ce, a kawo jiƙo. Babban mai jawo dajin hanta a ƙasarmu shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda mutum zai yi shekaru da shi bai sani ba. Sai kuma dafin funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. Shi wannan daji ba ya nuna kansa da wuri, don haka kada a jira alama: kowa a gida ya yi gwajin ciwon hanta, wanda ba shi da shi ya yi rigakafi, wanda yake da shi ya riƙa ganin likita a kai a kai, ya kuma rage shan jiƙe-jiƙe barkatai.

6. *Ƙirji da maƙogwaro.* Tarin da ya wuce sati uku, tari da jini, murya ta dishe ta ƙi dawowa, abinci yana tsayawa a wuya, ko miki a baki da harshe wanda ya ƙi warkewa. Yana iya zama tarin TB, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ko wanne ne, zuwan riba ne. Masu sigari, da shisha, da masu cusa garin taba a baki, ku ne kan gaba a wannan layi.

7. *Rama da kasala.* Wando ya yi maka yawa ba ka yi azumi ba, abinci ya fita daga ranka, gumi yana jiƙa maka riga cikin dare, zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, kaluluwa a wuya ko matsematsi ta ƙi sauka. Idan an yi maka maganin maleriya da taifod sau uku a jere ba ka dawo daidai ba, to tambayar ta wuce kemis.

8. *Fata.* Gyambon da ya shekara bai rufe ba, ko tsohon tabon ƙuna ya buɗe, ko tawadar Allah ta canza girma da launi, ko baƙin tabo ya fito a tafin ƙafa yana faɗaɗa. 'Yan uwanmu zabiya rana tana yi musu illa sosai, a taimaka musu da hula mai faɗi da riga mai dogon hannu, kuma duk ƙurjin da ya ƙi warkewa a kai su da wuri.

9. *Yara.* Farin abu yana ƙyalli a tsakiyar idon yaro kamar idon kyanwa, musamman a hoton da aka ɗauka da fitila. Kumburin muƙamuƙi mai saurin girma. Ƙari a ciki. Yaro ya yi fari fat, yana zubar da jini ta hanci ko dasashi, yana kukan ƙashi. Dajin yara da yawa yana jin magani ƙwarai idan an zo da wuri. Kada a ce mayu ne ko iska.

*Maigida, nauyin a wuyanka yake*

A gidajenmu mace ba ta fita sai da izini, kuma kuɗin asibiti daga aljihunka yake fitowa. Sau da yawa ta ji ƙullutun tun watanni, amma tana tsoro: kada a yanke mama, kada miji ya juya baya, kada a yi mata kishiya, kada a ce ta cika kashe kuɗi. Kai ne za ka cire mata wannan tsoro. Ka tambaye ta da bakinka. Ka ce mata ranki ya fi mini komai. Na san mazan da likita ya ce a cire mama suka ƙi sa hannu, suka ɗauke matar suka dawo gida. Ɗan uwa, mama ɗaya da uwar 'ya'yanka, wanne ka zaɓa?

Maganar kunya kuma, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A nemi likita mace, kuma alhamdu lillahi yanzu muna da su a Kano. Idan ba a samu ba, malaman fiƙihu sun halatta namiji ya duba gwargwadon larura, tare da miji ko muharrami ko ma'aikaciyar jinya a wurin. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a.

Mu da ke zaune nan Nassarawa ba mu da uzuri. Asibitin Muhammad Abdullahi Wase yana cikin unguwarmu, wasunmu da ƙafa ma za su isa. Ga Asibitin Murtala a cikin gari, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya, inda ake da likitocin fiɗa da ɗakin gwajin nama. Amma abin da nake gani shi ne, mai hali zai yi shekara yana ɓoye ciwo don kada a ji, sai ya ƙazanta a fara neman bizar Masar ko Indiya, a sayar da fili, a kashe miliyoyi, a dawo da gawa. Gwajin da za a yi a nan da kuɗi kaɗan wata goma da suka wuce ya fi wannan jirgi amfani. Kuma ka tuna iyalinka ba matarka da 'ya'yanka kaɗai ba ne. Mai aikin da ke yi muku girki, da direba, da maigadin da ke tari a bakin ƙofa tun damina, su ma amana ce.

*Idan ka je, me za a yi?*

Likita zai tambaye ka, ya taɓa wurin, wataƙila ya tura ka hoto ko gwajin jini. Idan ya ga abin tuhuma, za a ɗebi ɗan nama kaɗan, yawanci da allura bayan an kashe zafin wurin, a kai ɗakin gwaji a duba. Wannan ne kaɗai ke tabbatar da daji ne ko ba shi ba ne, kuma wane iri ne. Ba shi ke yaɗa ciwo ba. Duk wanda ya kalle ka da ido, ko ya ɗora maka wata na'ura a tafin hannu, ya ce kana da kansa ko ba ka da ita, ƙarya yake yi, ko da rawani a kansa.

Ka riƙe abu uku. Ka koma ka karɓi sakamako, don da yawa tsoro ke hana su komawa. Ka ajiye duk takardu a jaka ɗaya. Idan an ba ka magani alamar ba ta tafi ba, ka koma ka ce a sake dubawa, ko ka nemi ganin likita na biyu, wannan haƙƙinka ne.

Idan ya tabbata, maganin yana iya zama aiki, ko kemo, ko gashi, ko a haɗa. Gashi kan sa a tura mutum Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. Ba zan ɓoye maka ba: akwai wahala, akwai layi, akwai tsada, kemo yana zubar da gashin kai yana sa amai. Amma gashin kai yana dawowa. Kuma ka sani wasu daga cikin magungunan kemo ɗin ma daga tsirrai aka ciro su: akwai wanda aka samo daga wani fure ɗan asalin Madagaska, akwai wanda aka samo daga ɓawon wata bishiya. Bambancinsu da jiƙona shi ne an tace su, an auna, an gwada a kan dubban mutane an ga iyakar aikinsu. Maganar kuɗi kuma, a tambayi ofishin jin ƙai na asibiti, a yi rajistar taimakekeniyar lafiya tun ana lafiya, dangi su haɗa hannu. Masu fitar da zakka, ga mabuƙata nan kwance a gadajen asibiti.

*To ina matsayin maganin Musulunci?*

Yana nan daram. Ni ban bar sana'ata ba. Addu'a, ruƙiyya, sadaka, ruwan zamzam, zuma, habbatus sauda, man zaitun, duk muna riƙe da su, kuma mara lafiya yana samun ƙarfin zuciya da natsuwa da su. Amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da ya umarce mu da neman magani, ya kuma sanar da mu cewa akwai wanda ya san maganin, akwai wanda ya jahilce shi, kuma waraka tana zuwa ne da izinin Allah idan magani ya dace da cutar. Ta yaya magani zai dace da cutar da ba a san sunanta ba? Haka kuma ya nuna cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin abin ba, shi ke da alhakin ɓarnar da ta biyo baya. Wannan gargaɗi da mu masu magani yake.

Saboda haka ina faɗa da babbar murya: a shekarun da na yi ina wannan aiki, ban taɓa ganin dajin da gwaji ya tabbatar, sannan ganye shi kaɗai ya warkar da shi ba. Waɗanda ake ba da labarin sun warke, yawanci maruru ne ko wani ƙari mara illa da aka kira daji ba tare da gwaji ba. Duk wanda ya ce maka yana da maganin kansa na kwana arba'in, da sharaɗin kada ka je asibiti ko ka daina kemo, ka riƙe kuɗinka ka tashi. Idan kuma kana kan maganin asibiti kana son haɗawa da na gargajiya, ka faɗa wa likitanka, domin wasu saiwoyi suna wahalar da hanta da ƙoda a lokacin da suke ɗauke da nauyin kemo.

Tawakkali kuma ba zama ba ne. Mai raƙumin nan an ce masa ya ɗaure sannan ya dogara ga Allah. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, ya kuma nuna wa sahabbai cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Zuwa gwaji ba ya kawo ciwo, rashin zuwa ba ya korar sa.

*Abin da nake so ka yi a satin nan*

Ka zauna da iyalinka ka karanta musu alamomin nan tara, ka tambayi kowa. Matar da ta kai shekara 30 ta je a yi mata gwajin bakin mahaifa ko da lafiyarta ƙalau, domin yana gano matsala tun kafin ta zama daji. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 akwai allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV mai jawo dajin bakin mahaifa, wadda aka fara bayarwa kyauta a Najeriya a watan Oktoba 2023, kuma Kano tana cikin jihohin farko. Jariri a yi masa allurar ciwon hanta a ranar da aka haife shi. A daina bai wa yara ruɓaɓɓiyar gyaɗa don tana araha. Kowa ya riƙe rezarsa wajen aski da yankan farce. Mai shan taba ya ji tsoron Allah ya ajiye.

Kai kuma da kake karanta wannan saƙo gabanka yana faɗuwa, saboda akwai abin da ka daɗe kana taɓawa a jikinka ba ka faɗa wa kowa ba, da kai nake. Ke ma da ke nake. Kada ki jira bayan biki, kada ka jira albashi ko bayan salla. Gobe da safe a yi alwala, a yi addu'a, a kama hanyar asibiti.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ji ƙan baiwar Allahn nan da na ba ku labarinta, ya yafe mini sakacina. A tura wa 'yan uwa da sauran zauruka, ba a san wanda Allah zai tsamar ta sanadinka ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.